Ramin ƙazanta na Landan da tambayar da ya bar wa magudanan Abuja

A watan Fabrairun 2025 aka kammala haɗa magudanan birnin Landan da ƙaton ramin da aka haƙa a ƙarƙashin Kogin Thames, a watan Mayu kuma Sarki Charles na Uku ya buɗe shi a hukumance. Ramin, wanda ake kira Tideway, ya faro daga Acton a yammacin birnin ya gangara zuwa Abbey Mills a gabas. Tsawonsa kilomita 25, faɗin cikinsa mita 7.2. An fara aikin a 2016, ya kuma lashe fiye da fam biliyan 4.5. Duk da wannan kuɗi, ramin ba ya tace ko bokiti ɗaya na ƙazanta. Aikinsa ajiya ne kawai.

Dalilin yana cikin tarihin birnin. Bayan warin da ya tashi daga kogin a lokacin zafin 1858 har ya addabi 'yan majalisa, Injiniya Joseph Bazalgette ya shimfiɗa manyan magudanai da ke ɗaukar ruwan bayan gida da ruwan sama cikin bututu guda. Ya bar musu ƙofofin da ke zubarwa a kogi idan sun cika, domin gara ƙazanta ta tafi kogi da ta dawo cikin ɗakunan mutane. Ya yi lissafinsa ne kan mutum miliyan 4. Yau mazauna birnin sun kai kimanin miliyan 9, kwalta da siminti kuma sun rufe ƙasar da a da take shanye ruwa. Abin da aka tanada don ranar larura sai ya zama na yau da kullum: kafin a haƙa ramin, ɗan yayyafi kan isa ya sa wasu ƙofofin su fara amai, kuma an ƙiyasta cewa a wancan lokacin tan miliyan 39 na gurɓataccen ruwa ke shiga kogin a matsakaiciyar shekara.

Tideway yana tare wannan ruwa ne kafin ya kai kogi. A bakin kowace ƙofa da aka haɗa an haƙa rijiya mai zurfi zuwa ramin. Ba a barin ruwan ya faɗa kai tsaye, don ƙarfin faɗuwarsa zai cinye kankare ya kuma cusa iska ciki; an yi masa bututun da ke sa shi juyawa a jikin bango kamar guguwa har ya sauka a hankali. Iskar da ruwan ke korowa kuwa sai an bi da ita ta matatar gawayi kafin ta fita, saboda wari. Ramin ya faro da zurfin kimanin mita 30 a yamma, ya zarce mita 60 a gabas, don haka gangara ce ke tafiyar da ruwan. Daga Abbey Mills yana shiga ramin Lee zuwa matatar Beckton, inda manyan famfuna ke ɗago shi a tace bayan ruwa ya ɗauke. Ramukan biyu suna riƙe kubik mita miliyan 1.6.

Mafi nauyin shawara a irin wannan aiki shi ne girman ruwan saman da za a yi wa tanadi, kuma ba injiniya kaɗai ke yanke ta ba. An tsara Tideway ya rage malalar da kimanin kashi 95 cikin 100. Ma'ana, an amince tun a kan takarda cewa a ranakun mamako ramin zai cika, ƙazanta ta sake shiga kogi. Rufe sauran kashi 5 zai buƙaci kuɗin da ba wanda ya shirya biya. Ko wannan girman ma an yi jayayya a kansa: Chris Binnie, wanda ya shugabanci binciken da ya ba da shawarar ramin a 2005, daga baya ya ce matakai masu arha za su iya wadatarwa. Hukuncin Kotun Tarayyar Turai na 2012, cewa Birtaniya ta saɓa dokar tace ruwan birane, ya ƙara ingiza gwamnati. Kuɗin kuwa yana fitowa ne daga takardar biyan ruwa ta abokan hulɗar Thames Water, kamfanin da bashi ya yi wa katutu, wanda hukumar Ofwat ta ci tarar fam miliyan 122.7 a watan da aka buɗe ramin.

Abuja ba ta gāji wannan matsala ba. An zana tsakiyar birnin da layi biyu: na ruwan sama daban, na ƙazanta daban, wanda ke gangarawa zuwa matatar Wupa da ke ƙarƙashin Hukumar Kare Muhalli ta Abuja. Amma rabuwar tana dawwama ne muddin layin ƙazanta yana rufe. Lokacin da satar murafan ramuka ta tsananta a Janairun 2025, har Hukumar Babban Birnin Tarayya ta rufe kasuwannin panteka na mako biyu, hankali ya tafi kan motoci da masu tafiya a ƙasa, kuma da hujja. Abin da ba a cika ambata ba shi ne, duk ramin layin ƙazanta da ya rasa murfi ya zama mashigar ruwan sama da yashi da leda, haka ma duk indararon da magini ya karkatar cikinsa don sauƙi. Ta haka layi biyu kan rikiɗe su zama ɗaya ba tare da wani ya sa hannu a takarda ba, a garin da ruwan samansa ya ninka na Landan, yake kuma zuba da ƙarfi cikin 'yan watanni.

Akwai adadi guda da ya kamata masu duba kasafin birnin su nema: yawan ruwan da ke isa Wupa a rana cikin Fabrairu, da wanda ke isa cikin Agusta. Mutane ba sa ƙara shiga bayan gida don damina ta faɗi, saboda haka mafi yawan bambancin ruwan sama ne da ya kutsa layin da ba nasa ba, ana kuma biyan wuta da man dizal don tace shi.