FILIN 'YAN MATA: A Ɗaura Fulogi Da Lalama

 Yau ba zancen soyayya na zo muku da shi ba, zancen fulogi ne. Kar ku yi dariya!

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974 noman rani ya bunƙasa a ƙasar Rano. Daga Rano har Kibiya za ki ga injin ban ruwa, ga janareta, ga injin markaɗe, mafi yawa masu shan fetur, kowanne da fuloginsa. Sau nawa Inna take barin ki da injin markaɗe, ya ƙi tashi, ga masu wake sun yi layi? Ki cire fulogi ki goge, wannan kowa ya iya. Wajen mayarwa ake ɓarna.

To ki saurara. Da farko ki bari injin ya huce, ki share ƙurar bakin ramin. Sannan ki sa fulogin da hannunki kawai, ki riƙa murzawa a hankali. In kika ji ya cije tun farko, to ya hau a karkace, ki warware ki sake. Sai ya zauna daram za ki ɗauko sifana. In sabo ne, rabin zagaye ya isa ya danne washar da ke jikinsa. In tsoho ne aka mayar, kar ki wuce kwatan zagaye, don washarsa ta riga ta dannu.

Me ya sa? Kan injin na alminiyum ne, fulogi kuwa ƙarfe. In kika matse da ƙarfin tuwo, zaren ramin zai cinye, ko farin tangaran ɗin ya tsage. Daga nan sai wajen bakanike, cinikin kwana da kwanaki ya tafi, in na ban ruwa ne tumatir ya yi yaushi. In kuma kika bar shi sako-sako, iska za ta riƙa tserewa, ƙarfin injin ya ragu, fulogin ya yi zafi fiye da kima.

Ni dai shawarata, ko Yaya ne kika ga ya taka sifana da ƙafa, ki ce masa cikin ladabi, "Yaya, a bi shi a sannu." Rigakafi ya fi magani.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu. Taku har kullum.