Sakkwato: Wa zai yi wa 'ya'ya bayanin balaga?

A watan Nuwamban 2022, ministan ilimi na lokacin, Malam Adamu Adamu, ya ba da umarnin cire ilimin jima'i daga manhajar makarantu, bisa hujjar cewa aikin iyaye ne da malaman addini. Sai dai a Sakkwato, inda uwa kan ƙi ambatar sunan 'yar farinta, kunya ta daɗe da miƙa wannan nauyi ga wasu.

A da, kaka da gwaggo ke jan yarinya gefe, malamin zaure kuma ya warware hukuncin haila da janaba cikin Ahalari. Yau ma'aikaci a Arkilla ko ɗan kasuwa a Mabera, daga shi sai matarsa da 'ya'ya: kaka na ƙauye, TikTok na cikin ɗaki. Yarinyar da ta rasa wanda za ta tambaya, saurayi ne zai ba ta amsa, kuma ko an ci zarafinta, shiru za ta yi.

Gyaran bai buƙatar a yar da kunya. Nana Asma'u mata ta tura su karantar da mata. Gidan da ya rasa gwaggo, wajibi ne ya nemi madadinta kafin balaga, ko uwa ta daure ta yi magana.