Wasiƙa a buɗe zuwa ga masu shirya fim na Yerwa

'Ya'yana,

Na yaba muku. Garin nan ya sha wuya, amma ba ku ajiye kyamara ba. Hotonku ya yi tas, sautinku ya gyaru. Allah ya ƙara basira.

To, amma surutu ya cinye muku fim. Ku girke kyamara a falo, ku zaunar da mutum biyu a kujera, su yi ta zuba har minti goma. An yi faɗa a gabanmu, sai wata ta je ta labarta wa ƙawarta faɗan tun daga farko. Ashe makafi kuka ɗauke mu? Wannan ai wasan rediyo ne aka yi masa hoto.

Tun da 'yan'uwan nan Lumière suka nuna fim a Faris a 1895, magabatan sana'ar sun fi shekara talatin suna ba da labari ba murya. Rashin ne ya koya musu dabara. A Jamus, a 1924, Murnau ya yi fim a kan tsohon mai tsaron ƙofar otal da aka ƙwace wa rigar aiki. Kusan babu rubutu a ciki, amma daga yadda kafaɗun Emil Jannings, wanda ya fito a matsayin tsohon, suka zube za ka gane an karya mutum. A Rasha, Kuleshov ya ɗauki hoton fuska ɗaya, ya haɗa shi da kwanon miya, sannan da akwatin gawa. A na farko 'yan kallo suka ga yunwa, a na biyu baƙin ciki, alhali fuskar ba ta sauya ba. Wurin yanka da haɗi labari yake, ku kuwa kun mai da ɗakin tacewa wurin jera zance.

Mu da muka yi kallon majigi a fili, muka kalli Mother India ba mu jin ko kalma ɗaya ta Indiyanci, mun yi kuka, kuma mun san abin da muke wa kuka. Yanzu ga kayan aikin da Chaplin bai taɓa mafarkinsu ba a aljihun kowane yaro, amma babu mai haƙurin barin fuska ta yi magana. Abin na ci mini rai.

Ku dubi uwargidan da aka yi wa kishiya. Kada ta ce mana ranta ya ɓaci. Ku nuna hannunta tana zuba turaren wuta a kasko, ta ji takun maigida, takun ya wuce ƙofarta, sai ta ɗauki buta ta kashe garwashin. Wace magana ce za ta kai wannan zafi?

Ku kuma tuna inda kuke. A Kasuwar Monday kaɗai akwai Barebari da Shuwa da Babur da Margi da Hausawa da Fulani. Fim ɗin da ya jingina da baki ya rufe wa wasunsu ƙofa.

Ku yi mini afuwa in harshena ya yi kaifi, ƙaunar sana'ar ce. Roƙona ɗaya ne: kafin ku saki fim, ku kashe sautin, ku kunna wa tsohuwar da ba ta jin Hausa. In ta gane wa aka zalunta, wa ya yi zaluncin, ku saki. In ba ta gane ba, ku koma bakin aiki.

Allah ya yi muku albarka, ya zaunar da Borno lafiya.

Wassalam,
Babanku a sana'a,
Yerwa