Filin Masu Ɗaukar Hoto: Da Sallama Ake Matsawa Kusa

Kamar yadda muka saba, a fitowar watan jiya mun ba ku jigo huɗu, kowane mako da nasa: Rijiya, Hannu a Bakin Aiki, Kasuwa, da Tsofaffinmu. Hotuna sun iso da dama, mun gode ƙwarai. Wannan karo yawancinsu daga kudancin Jihar Sakkwato suka fito, wato Tambuwal da Kebbe da ƙauyukan kewaye, saboda haka a kansu za mu yi magana. Ba za mu ambaci sunan kowa ba, gama kowa zai gane nasa.

Da muka jera hotunan muka duba, sai muka ga aibi guda yana ta maimaituwa. Waɗansu sun yi dishi-dishi, waɗansu fuska ta yi baƙi ƙirin, waɗansu kuwa ƙeya kaɗai ake gani. Mai hoto zai ce laifin waya ne. Amma in an bi diddigi, tushen abin ɗaya ne: an tsaya daga nesa, an ɗauka a sace, ba a yi sallama ba. Bari mu bi su mako mako, ku gani da kanku.

Mako na fari: Rijiya

Wani ɗan'uwa daga Tambuwal ya aiko da hoton mata suna ɗebo ruwa da safe. Lokacin da ya zaɓa ya yi daidai, gama hasken safiya yana da laushi, yana zuwa daga gefe, yana fito da siffar tulu da guga da igiya. Amma hoton ya yi hazo-hazo kamar an shafa masa toka. Dalili kuwa shi ne, ya tsaya can nesa ya jawo hoton da yatsa a kan gilashin waya. A yawancin wayoyin da ke hannunmu, wannan jawowa ba ta kawo mutum kusa. Yanko tsakiyar hoton kawai take yi ta kumbura shi, kamar a ƙara wa kunu ruwa don ya yi yawa. Ƙari kuma, in an jawo, rawar hannu kaɗan sai ta ɓata komai.

Ɗan'uwa, me ya hana ka matsawa? Mun sani. Matan mutane ne, kai kuma namiji ne baƙo, kunya ta hana ka zuwa bakin rijiya. To, kunyar nan gaskiya ta faɗa maka. In bai kamata ka je kusa ba, bai kamata ka ɗauka daga nesa ba. Shi ya sa ba mu buga hoton ba.

A makon nan ɗin wata 'yar makaranta daga Kebbe ta aiko da nata. Ƙanwarta ce ta ɗauka, tana juye guga cikin jarka, ruwa yana sheƙi, yarinya tana dariya. Ta durƙusa daidai tsawon yarinyar, ta bar rana a gefen kafaɗarta. Gyara ɗaya ne: kan yarinyar ya yi daidai da wata bishiya a baya, sai ka ce daga kanta ta tsiro. Taki ɗaya zuwa dama ya isa. Kullum ku dubi bayan mutum kafin ku danna.

Mako na biyu: Hannu a Bakin Aiki

Hoton da ya fi kyau a watan nan duka daga wannan mako ya fito. Wani malamin makaranta da ke aiki a ƙasar Tambuwal ya ɗauki hannuwan maƙeri, ɗaya riƙe da awartaki, ɗaya da masaba, jan ƙarfe a kan uwar maƙera. Ana ganin kantar hannu, da tabon wuta, da gumi. Ya rubuto mana cewa sau uku ya je maƙerar. Ran fari gyaran fartanya ya kai. Rana ta biyu ya zauna suka yi taɗi, har ya taya yaron jan zugazugi. Sai rana ta uku ya ce, "Baba, in ka yarda ina so in ɗauki hoton hannunka yana aiki." Maƙeri ya yi dariya ya ce, "To, Malam, tsaya in zuga wuta ta yi ja tukuna."

Ku lura da wannan. Maƙerin ne da kansa ya gyara hoton, gama ya fi malamin sanin lokacin da ƙarfe yake yin kyau. Wanda ka nemi izininsa ya zama abokin aikinka. Zai nuna maka inda za ka tsaya, zai dakata maka, zai sāke in ba ta yi ba. Wanda ka sata kuwa, dama ɗaya gare ka, kana kuma sauri kamar ɓarawon kaza. Abin da za mu ce wa malam shi ne, gefen hagu akwai wata robar ruwa mai shuɗi da ke jan ido. Da an kawar da ita, da ba sauran magana.

Wata 'yar'uwa kuma ta aiko da hoton masu sussuka. Ta ɗauka tana fuskantar rana, sai mutanen suka zama inuwa. Kyamara takan auna hasken da ya fi yawa a gabanta. In sararin sama ya cika hoto, sai ta rage haske, fuskoki su yi duhu. Magani shi ne ki juya ki bar rana a bayanki ko a gefenki, ko kuwa ki taɓa fuskar mutum a kan gilashin waya kafin ki danna, don kyamara ta auna hasken a nan. A lokacin hunturu kuma a riƙa goge idon kyamara da ƙyalle mai laushi, gama ƙura takan sa hoto ya dushe.

Mako na uku: Kasuwa

Tambuwal tana kan babbar hanyar da ta tashi daga Sakkwato zuwa Jega, don haka ba mu yi mamakin yawan hotunan kasuwa ba. Ga buhunan gero, ga tulin albasa, ga awaki da tumaki. Amma da yawa sun so su cusa kasuwa duka cikin hoto guda, sai ido ya rasa inda zai sauka. Hoto kamar magana yake, abu ɗaya ake faɗa a lokaci ɗaya. Mai awo ɗaya da mudunsa ya fi kawuna ɗari da ba a san na wa ba. Ku guji tsakar rana kuma, gama rana a tsaka takan zuba inuwa cikin ramin ido. In dole ne, ku shiga inuwar rumfa.

Akwai hoto guda da ya dame mu. Wani saurayi ya ɗauki wata mai tallar nono, ta ɗaga faifai tana kare fuskarta. Ya rubuta a ƙasa wai abin dariya ne. Ɗana, wannan faifai magana ce. Cewa take yi ba ta so. Hoton ba shi da aibin haske, ba shi da aibin tsari, amma ba za mu buga shi ba, muna kuma roƙonka ka share shi daga wayarka, kada ka tura wa kowa.

Wani kuma daga wajen Kebbe ya aiko da hoton garken shanu da rumbuna a bayan wani gida, ya rubuta sunan ƙauyen da na mai gidan. Hoton yana da kyau, amma ku tuna da zamanin da muke ciki. Shekarun nan 'yan bindiga da ɓarayin shanu sun addabi wurare da yawa a jihohin Sakkwato da Zamfara da Kebbi, ƙasar Kebbe kuwa tana maƙwabtaka da Zamfara da Kebbi. Hoton da ya shiga Facebook ko WhatsApp ba ka san hannun da zai faɗa ba. Waɗansu wayoyi ma sukan ɓoye alamar wurin da aka ɗauki hoto a cikin hoton kansa, in ba a kashe wannan a saitin kyamara ba. Da ka tambayi mai shanun, da ya gaya maka abin da yake tsoro. Shi ya san haɗarinsa, kai ba ka sani ba.

Mako na huɗu: Tsofaffinmu

A nan mun sami hotuna masu sa zuciya ta yi sanyi. Wani yaro ya ɗauki kakarsa tana kaɗi a ƙofar ɗaki, mazari yana juyawa, hasken ƙofa yana sauka a rabin fuskarta. Bakin ƙofa da gindin taga su ne wuraren da suka fi dacewa da hoton fuska, ba kuwa sai an biya ko kwabo ba. Kuskurensa ɗaya, ya tsaya a tsaye ya ɗauko ta daga sama, sai tsohuwa ta ƙanƙance. A gida ma ba a yi wa babba magana a tsaye a kansa. Ka durƙusa kamar za ka gaishe ta, idon kyamara ya yi daidai da idonta. Abin da ladabi ya koya mana, shi ne kuma abin da hoto yake so.

Wata ma'aikaciyar jinya ta aiko da hoton wani tsoho makaho yana bara. Ta ce tana so masu karatu su ji tausayi. Nufinki mai kyau ne, 'yar'uwa, Allah ya sa albarka. Amma shi bai ga kin ɗauka ba, ba ki kuma gaya masa ba. Ki koma ki gaishe shi, ki faɗa masa abin da kika yi da inda hoton zai je. In ya yarda, ki bar shi ya gyara rigarsa da hularsa yadda yake so a gan shi, ki sāke ɗauka, mu kuwa za mu buga. In bai yarda ba, shi ke nan.

Abin da za mu riƙe

A dā, zamanin fim, ɗauka 12 ko 24 ko 36 ke cikin nadi guda, sai an kai birni an biya kuɗi an wanke. Mai hoto ba ya ɓarnar ko ɗaya. Yakan jira mutane su yi wanka su sa kayan ado su zauna. Tun da wayar hannu ta shigo Nijeriya a 2001, daga baya kuma aka sami masu kyamara, ɗauka ta zama kyauta, sai ladabin ya fara raguwa.

Ku dubi misalin J. D. 'Okhai Ojeikere, ɗan Nijeriya da aka haifa a 1930, ya rasu a 2014. Da ƙaramar kyamara mai araha, Brownie, ya fara a 1950. Daga 1968 ya shiga ɗaukar kitson matan ƙasar nan, har ya tara wajen hotuna dubu, yana rubuta sunan kowane irin kitso. Da yawa cikinsu daga baya ya ɗauka, ƙeya ake gani. Amma ƙeyarsa dabam take da ta hotunan sata, gama irin wannan hoto ba ya yiwuwa sai mai kitso ta yarda ta tsaya cik. Yau ana nuna aikinsa a manyan gidajen ajiye kayan fasaha na duniya. Tsadar kyamara ba ita ta kai shi can ba.

Mu masu bi muna da dalili na musamman. Littafin Farawa ya koya mana cewa cikin kamannin Allah aka halicci mutum. Wanda ke gaban kyamararka, ko maƙeri ne, ko mai nono, ko almajiri, yana ɗauke da wannan daraja. Ubangiji kuma ya umarce mu mu yi wa mutane abin da muke so su yi mana. Wa zai so ya ga hoton matarsa ko uwarsa yana yawo a wayoyin samari ba da saninsa ba?

Ga kuma zancen zama da maƙwabta. Tambuwal tsohon gari ne mai tarihi, tun zamanin Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo, mutanensa kuwa masu riƙon addini ne da kunya. 'Yan'uwanmu da ke can da Kebbe kaɗan ne, da yawansu aiki ko ciniki ya kai su. Ɗan abu kamar hoton da aka ɗauka a sace yana iya ɓata zaman lafiyar shekaru, ya kuma jawo wa sunan Almasihu zargi. Amma wanda ya yi sallama, ya tambaya, ya nuna wa mutum hotonsa, ya kai masa nasa in an wanke, ya sami aboki. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Saboda haka daga wannan wata mun ƙara doka ɗaya. Duk hoton da ake gane fuskar mutum a ciki, sai mai aikowa ya rubuta cewa mutumin ya yarda a buga. In yaro ne, iyayensa za a tambaya. In matar aure ce, a bi ta hanyar da mutanen gidan suka saba.

Ga jigon wata mai zuwa. Mako na fari, Inuwa. Na biyu, Abincin Gidanmu. Na uku, Hanyar Makaranta. Na huɗu, Maƙwabcina, wanda ba shi yiwuwa sai da sallama. Hoto ɗaya a kowane mako ya isa, ku zaɓi wanda ya fi, ku rubuta garinku da lokacin da kuka ɗauka. Sai wata mai zuwa in Ubangiji ya yarda. Allah ya ba mu zaman lafiya, amin.