Raddi ga mai yi wa Carl Hagenbeck kirarin uban tausayin dabbobi

Wani malami da nake girmamawa ya yi rubutu kwanakin baya a kan Carl Hagenbeck, Bajamushen nan na birnin Hamburg wanda ya rayu daga 1844 zuwa 1913. Abin da ya tsaya a kai shi ne wai wannan mutum ne ya ƙwace bulala daga hannun masu horar da dabbobi, ya karya ƙarafan keji, don haka duk mai tausayin dabba a yau bashinsa yake ci. Rubutun ya yi daɗin karatu, sai dai daɗin magana ba ya zama hujja. Zan bi da'awowinsa ɗaya bayan ɗaya, inda ya yi gaskiya in ba shi abinsa.

Malam ya fara da cewa kafin Hagenbeck babu wanda ya san ana horar da zaki ba da duka ba. Misalinsa Isaac Van Amburgh, Ba'amurken da ya shahara wajejen 1830 da shiga kejin zakuna riƙe da sandar ƙarfe. Lallai Van Amburgh mugu ne a sana'arsa. Amma a wancan zamanin dai akwai Henri Martin, Bafaranshe, wanda ya yi suna da haƙuri da sabawa da dabba sannu a hankali har ta yarda da shi, daga baya ma ya shugabanci gidan namun daji na Rotterdam. Lokacin da Martin ya yi suna ko haihuwar Hagenbeck ba a yi ba. A Rasha kuma Vladimir Durov yana horo da lada da lallashi a zamani ɗaya da Hagenbeck. Abin da Hagenbeck ya fi su da shi jari ne da iya talla. Ko a cikin gidansa ba shi kaɗai ba ne: ɗan'uwansa Wilhelm da surukinsa Heinrich Mehrmann da Eduard Deyerling su ne ke shiga keji, shi kuwa sunansa ke saman allo.

Na yarda da Malam a kan abu guda, kuma ba ƙarami ba ne. Bayan ya buɗe gidan wasansa a 1887, Hagenbeck ya mai da horon lallashi tsari: a lura da halin kowace dabba, a ba ta yankan nama idan ta yi daidai, a daina ƙuna da ƙarfe mai zafi. Ya kai wasan zuwa baje kolin duniya na Chicago a 1893, jama'a suka gani, masu sana'ar suka kwaikwaya. Zakin da aka daina duka ya samu sauƙi, babu ja.

Tambayar da Malam ya tsallake ita ce zaki nawa ne suka samu wannan sauƙin. Hagenbeck da kansa ya ba da labarin a littafin tarihin rayuwarsa na 1908: daga zakuna 21 da aka gwada don wasan da Deyerling ya fito da shi a 1889, guda 4 kaɗai suka dace. Ke nan rabin sirrin horon zaɓe ne. A ɗauki mai sanyin hali, sauran a mayar da su kasuwa, su faɗa hannun duk wanda ya biya. Ga kuma lissafin ɗan kasuwa, wanda bai taɓa ɓoyewa ba: dabba mai tsada ce, wadda aka doka ba ta koyo da kyau, ba ta daɗewa. Ban ce ba ya son dabbobi ba. Na ce sonsa da ribarsa hanya ɗaya suka bi, kuma ba a gane son mutum sai ranar da hanyoyin suka rabu.

Sun rabu a dajin Sudan, wurin da rubutun Malam bai leƙa ba ko sau ɗaya. Hagenbeck dillalin namun daji ne kafin ya zama mai gidan wasa. Mahaifinsa mai sayar da kifi ne da ya fara nuna karnukan teku don kuɗi a 1848, ɗan kuma ya karɓi cinikin a 1866 ya zama mai kai wa gidajen namun daji na Turai da P. T. Barnum na Amurka kaya. Yawancin kayan farko daga yankin Kasala suke fitowa, ta hannun wani Ba'italiye mai suna Lorenzo Casanova da maharban Hamran masu farauta da takobi a kan doki. Babbar giwa ba ta kamuwa, ba ta kuma horuwa cikin sauƙi, don haka 'ya'ya ake nema. Uwar giwa ko karkanda ko zakanya kuwa ba ta ba da ɗanta tana numfashi. Sai a kashe ta. Daga nan a kora 'ya'yan cikin ayari, makonni ana tafiyar dare a hamada zuwa gaɓar Bahar Maliya, ana jan garken awaki don nono, da yawa suna mutuwa a hanya. Wanda ya tsira shi ne za a miƙa wa yankan nama cikin lallashi a Hamburg. Mu da muka saba tsayawa kallon gardi yana wasa da kura a kasuwa mun san yadda abin yake: ana tafi, babu mai tambayar yadda aka raba ta da raminta.

Sai Malam ya koma kan gidan namun daji na Stellingen da aka buɗe a 1907, ya ce a nan aka 'yanta dabba daga keji. Fasaha ce mai ban sha'awa, har ya yi mata rajistar mallaka tun 1896: duwatsun siminti da wani masassaƙi ɗan Suwizalan, Urs Eggenschwyler, ya gina, da gwalalo mai faɗi a madadin ƙarafa, ta yadda mai kallo zai hango barewa a gaba, zaki a bayanta, kamar suna daji ɗaya. An auna iyakar tsallen kowace dabba, aka haƙa ramin ya fi shi kaɗan. To wa aka 'yanta? Idon mai kallo ne ya huta da ganin ƙarfe. Zakin yana nan inda yake, da dare a kora shi ɗakin da ke bayan dutsen. Wasu dabbobin sun samu fili da iska fiye da da, wannan ma na yarda. Amma masanin tarihi Nigel Rothfels ya nuna a littafinsa na 2002 cewa babban abin da sabon tsarin ya sauya shi ne yadda ɗan kallo ke ji a ransa, kuma ban ga inda Malam ya amsa masa ba.

Batun dokin dajin Mongoliya da ake kira Przewalski ba zai ɗauke mu lokaci ba. Gaskiya ne wasu daga cikin waɗanda suka rage a duniya jikokin 'yan dukushin da mutanen Hagenbeck suka kawo ne a farkon ƙarni na 20. Amma an kamo su ne don attajirai irin Duke na Bedford, ta hanyar kora garke har 'ya'yan su gaji, ana harbe manya. Alherin da ya biyo baya ba shi aka je nema ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda Malam ya kira nunin mutane da suna musayar al'adu, ya wuce a layi biyu. Da cinikin dabbobi ya yi sanyi, a 1875 Hagenbeck ya kawo mutanen Sami na arewacin Turai da barewarsu ta kiwo ya nuna su, a 1876 ya kawo 'yan Sudan da aka tallata da sunan Nubiyawa tare da raƙuma da giwaye. A 1880 wakilinsa Johan Adrian Jacobsen ya ɗauko mutanen Inuit 8 daga Labrador, cikinsu har da Abraham Ulrikab da matarsa da 'ya'yansa mata biyu. Ba a yi musu rigakafin agana kafin a shiga da su biranen Turai ba. Uku suka mutu a Jamus, biyar a Paris, kafin watan Janairun 1881 ya ƙare babu ko ɗaya da rai. Ulrikab ya iya rubutu, ya bar littafin abin da ya gani, yana kukan sanyi da hayaniyar 'yan kallo da kewar gida. An ce abin ya taɓa Hagenbeck ƙwarai. Ya taɓa shi, amma nunin mutane ya ci gaba a gidansa har bayan rasuwarsa.

Na san amsar da za ta zo: mutumin zamaninsa ne, kada a auna shi da ma'aunin yau. Malam, ai kai ka ɗauko ma'aunin yau da ka kira shi uban tausayi. Ba za a ba shi lada da mudun wannan zamani ba, a auna laifinsa da na wancan. Kuma shi zamanin nasa yana da nasa labarin: a 1906 kamfaninsa ya kai wa sojan Jamus raƙuma kimanin 2,000 a ƙasar da yanzu ake kira Namibiya, lokacin yaƙin da aka yi wa al'ummomin Herero da Nama kisan ƙare dangi. Ciniki ne, an biya, ya kuma yi alfahari da saurin da ya cika shi.

Da'awar Malam ta ƙarshe ita ce gadon Hagenbeck shi ne ya ceci sana'ar wasan dabbobi. Ya tsawaita mata rai, wannan haka ne, domin ya ba ɗan kallo uzurin zama ya yi tafi ba tare da ransa ya sosu ba. Amma kamfanin Ringling na Amurka ya sallami giwayensa a 2016, ya rufe a 2017. Dokar da Ingila ta yi a 2019 ta haramta amfani da namun daji a gidajen wasa masu yawo, ta fara aiki a Janairun 2020, kuma ba ta ware wanda aka horar da yankan nama daga wanda aka horar da bulala ba.