A Auna Kafin A Canja: Magana A Kan Wutar Babur Da Masu Gyara

A ƙasarmu ta Daura, daga Baure zuwa Zango, daga Sandamu zuwa Mai'aduwa, babur ya zama jakin wannan zamani. Shi ne mai kai taki gona, shi ne mai kai gero da wake kasuwa, shi ne kuma mai ɗaukar mara lafiya zuwa asibiti da tsakar dare. Saboda haka ciwon babur ciwon ƙungiya ne duka. A cikin ciwace-ciwacensa kuwa, ba wanda ya kai na wuta cin kuɗi, gama ba a ganinsa da ido.

Ra'ayina shi ne: kada mu ƙara yarda a canja mana wani abu na wuta a babur sai an auna, an nuna mana dalili. Bari in faɗi abin da ya kawo ni ga wannan.

A daminar bara wata ƙungiya da nake zagayawa ta sayi sabon babur da kuɗin da membobi suka tara bayan kaka. Bai cika wata biyu ba batir ya mutu. Aka mayar wa dila a birni, ya sa sabo. Bayan mako huɗu wannan ma ya mutu, ƙwan fitila kuma ya ƙone sau biyu. Aka koma, yaran dila suka ce ai laifin mai tuƙi ne, a sayi wani batir. Aka saya. Ran da matar ma'ajin ƙungiya ta tashi da naƙuda da dare, fitila ta sake ƙonewa a hanya, sai da tocilar waya suka ƙarasa. Allah ya kiyaye, ta sauka lafiya. Washegari na aro mitar auna wuta wurin wani mai gyaran rediyo. Da muka ba babur mai, sai ta nuna sama da 16. Ashe wata 'yar waya ce daga retifaya zuwa jikin ƙarfen babur ta yi tsatsa ta saki. Muka kankare, muka ɗaure, mita ta dawo wajen 14. Har yau batirin nan yana aiki. Batir biyu sun tafi a banza a kan aikin da bai ɗauki rabin sa'a ba.

Domin mu gane wannan, sai mu ɗauki misalin lambu. Koyil da ke cikin inji shi ne rijiya, daga nan wuta take fitowa sa'ad da inji yake juyawa. Retifaya shi ne mai ban ruwa, shi yake daidaita wutar kada ta yi yawa. Batir kuwa randa ce kawai, ajiya take yi. Wayoyi su ne magudanai. In randa tana bushewa kullum, mai hankali ba ya ta sayen sabuwar randa, sai ya duba ko rijiya ta ƙafe, ko magudana ta fashe. Mu kuwa da zarar an ce batir ya mutu sai mu sa hannu aljihu.

Baburan da muke hawa yanzu, irin su Bajaj Boxer na ƙasar Indiya da Jincheng na ƙasar Sin, batirinsu mai ƙarfin bolt 12 ne. Ga awo uku da kowane sakataren ƙungiya zai iya koya a yini ɗaya.

Na ɗaya, da safe kafin a tada inji, a ɗora mita a kan batir. Lafiyayyen batir cikakke yakan nuna wajen 12.6. In ya gaza 12, ya yi sanyi ƙwarai.

Na biyu, a tada inji a ba shi mai kaɗan. Ya kamata awo ya hau zuwa tsakanin 13.5 da 14.5. In bai motsa ba, wuta ba ta zuwa, watau a duba koyil, ko retifaya, ko wayar da ke tsakaninsu. In ya wuce 15, wuta ta yi yawa, ita ce mai dafa batir, ta ƙone ruwansa, ta kashe ƙwan fitila.

Na uku, in batir yana kwana da wuta ya tashi babu, a cire wayarsa ɗaya da dare. In gari ya waye ya sauka duk da haka, batir ne ya lalace. In kuwa ya riƙe wutarsa a cire amma yana zubarwa a haɗe, to akwai wata waya da take satar wuta.

Ban da awo, mai tuƙi ya lura da lokacin da ciwon yake tashi, gama wannan rabin magani ne. Babur da yake mutuwa sa'ad da aka karya kai hagu ko dama, sau da yawa waya ce ta tsinke a wuya, inda take lanƙwasa kullum. Wanda yake mutuwa in ya yi zafi, ya tashi in ya huce, a duba koyil ko akwatin da yake ba filogi wuta. Wanda sai ranar ruwan sama yake gardama, a duba hular filogi da mahaɗan wayoyi. Ƙurar hunturu tana shiga mahaɗan nan, ruwan damina ya bi ya mai da ita tsatsa, zafin bazara kuma ya ƙafar da ruwan batir. Ga hanyoyinmu masu gargada suna sassauta kowane noti.

Yanzu sai maganar dila. Ban ce dukansu macuta ba ne. Akwai masu gaskiya, kuma su ma abinci suke nema. Amma mu sani ribar shago tana wajen sayar da kaya, ba a samun ta wajen zama a bi waya ɗaya ɗaya. Yaron da aka ba baburka wataƙila bai taɓa riƙe mita ba, abin da ya gani wurin maigidansa shi ne a cire wannan a sa wancan har a dace. Da can ana iya jure wannan. Tun da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu 2023, darajar Naira kuma ta faɗi a wannan shekara, kuɗin kayan gyara da na zuwa birni sun tashi ƙwarai. Daga Daura zuwa Katsina kimanin kilomita 80 ne. Zuwa uku a tsakiyar damina, wa zai yi maka noman kwanakin nan?

Doka ma ba ta bar mai saye haka kawai ba. A farkon 2019 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan garin nan Daura, ya sa hannu a kan dokar kare haƙƙin masu saye, wadda ta kafa hukumar FCCPC. Bisa ga dokar, in kaya ya fito da aibi cikin wata uku da karɓa, mai saye yana da iko ya mayar, a gyara, ko a canja, ko a ba shi kuɗinsa. Amma da me za ka kafa hujja in ba ka da rasit? Yawancinmu mukan ƙidaya kuɗi mu hau babur mu tafi, ba takarda ko ɗaya.

Ga shawarata ga kowace ƙungiya. A sayi mita guda, kuɗinta bai kai na batir ɗaya ba. A ajiye ƙaramin littafi, a riƙa rubuta ranar da ciwo ya tashi, abin da aka auna, abin da aka canja, da kuɗin da aka biya. Ran sayen babur a karɓi rasit mai lambar inji da lambar jiki, a kuma sa dila ya rubuta abin da zai gyara kyauta da tsawon lokacinsa. Muddin lokacin bai cika ba, kada a bar kowa ya yanka waya, domin da wannan dila zai kama ya ce ba ruwansa. In an kai gyara, mutum biyu su je, su tsaya a auna a gabansu, su karɓo tsohon abin da aka cire. A yi magana da ladabi, amma kada a bar wurin ba a rubuta ba.

Mu ma sai mu faɗa wa kanmu gaskiya. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Wane ne yake ɗaura ƙarin fitilu da rediyo da wurin cajin waya a kan koyil da ba a yi shi domin wannan kaya ba? Wane ne in fis ya ƙone yake naɗa wayar tagulla a madadinsa? Fis mai gadi ne, yakan mutu domin sauran su tsira. Wanda ya kore shi, wata rana wayoyinsa duka za su narke. Wane ne kuma yake zuba ruwan rijiya a batir maimakon tataccen ruwan da ake sayarwa domin haka? In mun yi waɗannan, bai kamata mu ɗora wa dila laifi ba.

Wani zai ce, "Malam, mu manoma ne, ina mu ina mita?" Amsata ita ce, wanda ya iya auna taki da murfin kwalba, ya iya karanta farashi a wayarsa, zai iya karanta lamba uku. A cikin kowace ƙungiya akwai saurayi ko budurwa da suka gama sakandare suna zaune. A zaɓi ɗaya, a tura shi wurin amintaccen mai wayarin a lokacin rani, ƙungiya ta ɗauki nauyinsa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma ƙungiyoyi uku na ƙauyuka maƙwabta za su iya haɗa kai a kan mutum ɗaya.

Ina roƙon shugabanni su sa wannan magana a taronsu na wata mai zuwa, tun kafin ruwa ya sauka. Duk ƙungiyar da ta sayi mita, ta aiko mini, zan zo da kaina mu yi awon farko tare. Allah ya ba mu damina mai albarka.

Naku,
Malamin Gona, Daura