Daga Yako Zuwa Riruwai: A Je a Tambayi Tsofaffi Tun Suna Raye

Jama'ar Yako da Kiru, mutanen Bebeji, na Tudun Wadan Ɗankadai, da na Doguwa har can Riruwai cikin duwatsu, wata magana na zo da ita wadda ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma babu gidan da ba ta shafa ba a wannan yanki namu na kudancin Kano. Ƙasarmu ta haifi manyan mutane, manyan abubuwa sun faru a kanta, mu kuwa mun zuba ido labarinsu yana bin tsofaffinmu zuwa kushewa ɗaya bayan ɗaya.

Ku tari ɗan makaranta a Kwanar Ɗangora ku tambaye shi inda aka haifi Alhassan Ɗantata. In ma ya san sunan, cewa zai yi cikin birni, Koki ko Sarari. Alhali a Bebeji aka yanke masa cibi, a shekarar 1877, a gidan fatake Agalawa masu safarar goro daga Gwanja. Bebeji ta wancan zamani babban zango ce a kan hanyar Zariya zuwa Kano. Baturen nan Clapperton ya bi ta cikinta a 1826, ya rubuta cewa mutanenta sun haura dubu ashirin, akasarinsu 'yan kasuwa. A irin wannan gari Alhassan ya buɗe ido. Mahaifinsa Abdullahi ya rasu yana yaro ƙarami. Mahaifiyarsa, wadda ake kira Amarya, 'yar kasuwa ce ita ma mai abin hannunta, ta tafi Ankara ta ƙasar Gana ta zauna, ta bar 'ya'yan a hannun wata tsohuwar baiwa mai suna Tata. Wannan tsohuwa ita ta rene shi, ita ta koya masa tara kuɗi a asusu, kuma sunanta ne ya bi shi, ya bi zuriyarsa har gobe.

Ya yi almajirci a nan Bebeji. Yana saurayi ya bi ayari a ƙasa har Gwanja, daga nan ya isa wurin mahaifiyarsa a Ankara, ya komo. Yaƙin basasar Kano tsakanin Tukurawa da Yusufawa, wanda ya ɓarke a 1893, ya rutsa da shi. Masu tarihi sun ruwaito cewa an kama shi tare da 'yan'uwansa, da ƙyar suka fanshi kansu. Duk da haka ya sake ɗaura ɗamara. Lokacin da sauran fatake ke shafe watanni da jakuna a hanyar Gwanja, shi yana cikin na farko da suka gane cewa a ɗora goro a jirgin ruwa daga gaɓar Gana zuwa Ikko ya fi sauri, ya fi riba. Da jirgin ƙasa ya iso Kano aka buɗe cinikin gyaɗa wajen 1912, sai ya juya akalarsa can. Ya raba jari ga yaransa, suka bazu ƙauyuka suna sayen gyaɗa da sunansa, a bisa amana. Ya zama babban dillalin kamfanin Neja, daga baya na UAC. Da bankin Turawa ya buɗe reshe a Kano a 1929, raƙuma ashirin aka ce sun kai masa kuɗin azurfa ajiya. Ya rasu a watan Agusta na 1955, ana lissafa shi a matsayin wanda ya fi kowa dukiya a Afirka ta Yamma. Alhaji Sanusi da Alhaji Aminu 'ya'yansa ne, Aliko Ɗangote kuwa tattaɓa-kunnensa ne ta wajen uwa.

Abin da ke ba ni takaici shi ne, in aka tashi ba da labarin bawan Allahn nan a majalisa, daga raƙuman azurfa sai Ɗangote, shi ke nan an rufe baki. Ina maraicin? Ina tafiyar ƙasa zuwa Gwanja? Ina asusun? Saurayin da ke zaune yau a tashar Yako yana ganin babu mafita sai ya tafi Abuja ko Legas tura baro, wannan ɓangaren ne zai yi masa amfani, domin shi ne ya yi kama da rayuwarsa. Sannan ku dubi Tata. Mace ce, baiwa, ba ta da sarauta ba ta da gadon komai, amma tarbiyyarta ta fitar da mutumin da ya cika Kano da dalar gyaɗa. Iyayenmu mata, wannan taku ce. Da a ce kowace yarinya a Bebeji ta tashi da sanin Tata da Amarya, da ba mai iya gaya mata cewa kasuwanci da gina gida aikin maza ne kaɗai.

To, mu koma bakin ƙofar gari. A ƙarshen watan Janairu na 1903 rundunar Turawan Ingila ta taso daga Zariya a ƙarƙashin Kanar Morland, sojoji sama da 700, da igwa da bindigogi masu jigida, sun nufi Kano. Sarkin Kano Alu yana hanyar Sakkwato a lokacin. Garin farko da ya rufe musu ƙofa a ƙasar Kano shi ne Bebeji. Aka nemi su buɗe, suka ƙi. Aka harba igwa a kan ƙofar, Sarkin Bebeji ya faɗi a wurin tare da wasu daga cikin manyansa. Ranar 3 ga Fabrairu birnin Kano ya faɗa hannunsu. Kowa ya san labarin Wazirin Kano Ahmadu da ya yi shahada a Kwatarkwashi, kuma ya cancanci a sani. Amma waɗanda suka fara ba da jininsu, a nan ƙasarmu suka ba da shi. Su wane ne suka tsaya tare da sarkin a ranar? A ina aka binne su? Jikokinsu suna nan da rai a unguwannin Bebeji, wasu sun ji labarin daga bakin kakanninsu da suka gani da ido. Abin da muke karantawa a littattafai kuwa daga rahoton waɗanda suka harba igwar ya fito. Mun yarda a ce bakin maharbi kaɗai za a ji?

Kafin zuwan Turawa ma kudancin Kano shi ne garkuwar masarauta. Shekaru da dama Ningawa suna kawo hari ta wannan fuska, tun zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi har zuwa na Alu, kuma garuruwanmu ne suka riƙa tarar aradu da ka. Ganuwar da kuke gani ta zama tudu a bayan gari, mutane ne suka gina ta da hannu, cikin tsoro, don su kwana da 'ya'yansu lafiya. Yau ana haƙar ta ana buga bulo.

A Riruwai kuwa, tun Bature bai san hanyar Jos ba, kakanninmu suna wanke kuza a rafi, su narka ta a matoya, su zuba ta siri-siri kamar tsinken tsintsiya, fatake su kai ta kasuwanni masu nisa. Ganin wannan dalma a kasuwa ne ya sa kamfanonin Turawa suka bi sawunta har suka gano arzikin da ke ƙarƙashin duwatsun. Da suka kafa nasu haƙar, sana'ar gargajiyar ta mutu. Masu wannan fasaha suna da sunaye, suna da gidaje, suna da sarkin sana'arsu, kuma wajibinmu ne mu tono su.

Na kusa-kusa ma yana neman kuɓuce mana. Audu Bako, gwamnan Kano na farko daga 1967 zuwa 1975, shi ya tare Kogin Kano ya gina madatsar Tiga tsakanin 1971 da 1974, ya yi ta Bagauda. Ruwan Tiga ne yake shayar da shinkafa da tumatir da alkama a Kadawa da Kura da Bunkure, shi ne kuma yake ba masuntanmu abinci. Allah ya jiƙansa, ya yi aiki. Sai dai a ƙarƙashin wannan ruwa akwai kufai. Dubban mutane aka tasa daga gonakinsu da kaburburan iyayensu domin jihar baki ɗaya ta ci gajiyar. Su ma sun yi sadaukarwa, su ma manya ne. Yaran da aka goyo aka fita da su daga garuruwan nan yau sun haura shekara hamsin, waɗanda suka ɗauki kaya a ka kuwa saura kaɗan.

An shafe fiye da shekara goma ba a koyar da tarihi a matsayin darasi mai zaman kansa a firamare da ƙaramar sakandare a ƙasar nan. Yanzu an ce an dawo da shi, madalla. To amma littafin da za a rubuto daga Abuja ba zai san Sarkin Bebeji ba, ba zai san maƙeran Riruwai ba. In ba mu rubuta da kanmu ba, babu mai zuwa ya yi mana.

Don haka samari da 'yan mata, ku nake fara kira. Wayar da ke hannunku tana naɗar murya. Ku sami kaka ko kakan da ya rage a gidanku ko a maƙwabta, ku durƙusa ku gaishe shi, ku ce, "Baba, daga ina mutanenmu suka zo? Wa ya sari garin nan?" Ku bar shi ya yi magana, kada ku katse shi. Ku rubuta sunansa da ranar da kuka yi hirar. Kada ku tsaya ga maza kawai, domin tsofaffi mata sun fi riƙe salsala, su suka san wa ya auri wa, wa ya haifi wa. Ku je wurin maroƙa da makaɗan fada, kirarin da suke yi cike yake da sunayen da ba su cikin kowane littafi. Da tsohuwar zuma ake magani.

Malamai, Allah ya gafarta muku, akwai takardun ajami da wasiƙun sarakuna da lissafin fatake a cikin gafaka da tsofaffin adakoki, gara tana ci. Ba mu ce ku rabu da su ba. Ku bari a ɗauki hotonsu shafi-shafi, a kai kwafi Gidan Ɗan Hausa ko sashen tarihi na Jami'ar Bayero ko Gidan Arewa a Kaduna, inda aka san darajarsu. Malaman makaranta, ku ba ɗalibai aikin hutu: kowa ya kawo tarihin unguwarsu a shafi biyu, da Hausa, a karanta a gaban aji.

Iyayenmu sarakuna, ranku ya daɗe, kalma ɗaya daga bakinku ta isa ta hana taɓa abin da ya saura na ganuwa da tsofaffin ƙofofi. Ku sa masu unguwanni su kawo sunayen dattawan da suka fi kowa shekaru a ƙasarku, a fara da su. Shugabannin ƙananan hukumomin nan huɗu, Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa, da 'yan majalisarmu, ɗaki ɗaya muke roƙo a kowace sakatariya, da ma'aikaci ɗaya mai kula da abin da aka tattaro, da allo a ƙofar Bebeji mai ɗauke da abin da ya faru a 1903. Attajiranmu na Kantin Kwari da Singa da Dawanau, kuɗin buga ɗan littafi na tarihin garinku bai kai na walimar biki guda ba. Zuriyar Alhassan Ɗantata kuma, Allah ya ƙara arziki, garin da aka haifi kakanku yana da haƙƙin ya ga wani wuri da yaro zai shiga ya karanta yadda aka faro.

Kada mu jira a kafa kwamiti. Kowa ya san tsoho ɗaya a unguwarsu wanda in ya tafi an yi asara. Ku je gare shi a makon nan, bayan sallar la'asar, da waya da takarda da ɗan goronku na gaisuwa.